Jan Farce a Kan Noti

Sayibu bai yarda da kowa ba, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Wasu masu zargi sukan yi maka murmushi, sai ka juya baya su leƙa inda ka tsaya. Shi a gabanka yake leƙawa. In ka ba shi ruwa, sai ya ɗaga kofin ya duba gindinsa kana tsaye. In ya tambaye ka lokaci ka faɗa masa, sai ya gode, sannan ya tambayi na kusa da kai.

Mutanen zango, wato masu jin Hausa 'yan Gana da ke Doha, sun so su nemo wa halin dalili. Wasu suka ce ai a Yeji ya tashi, bakin tafkin Volta, inda ubansa ke gyaran injunan kwale-kwale, kuma duk wanda ya ga yadda ruwa ke cin mutane saboda noti ɗaya da aka bari sako-sako dole ya zama haka. Yayarsa Alimatu, wadda ke kitso da lalle a wani shagon gyaran mata a Madinat Khalifa, ta ce ƙarya ne. Ta ce tun yana goye sai ya shinshina koko kafin ya buɗe baki, ko da uwarsa ce riƙe da ludayin.

Ya yi shekaru a tashar jiragen ruwa ta Tema yana kwance injuna yana ɗaurawa, kafin ya samu hanyar Qatar wajajen 2011. Ya kama ɗaki a Abu Hamour, bayan kasuwar kayan gwari, tare da Moro, ɗan Kumasi mai tuƙa motar da ke jan jirage zuwa bakin ruwa. Matarsa Awawu tana can Yeji. In ya kira ta a waya ta ce awaki suna lafiya, sai ya ce ta juya wayar ya gan su da idonsa. Ta saba, takan fita tsakar gida tun kafin ta amsa.

Aikinsa a wani garejin jirage ne na wani saurayi Balarabe mai suna Jasim, wanda ya gaji wurin daga mahaifinsa, ma'aikata na kiransa Mudir, wato shugaba. Jasim ne kafil ɗinsu, wato a hannunsa takardar zaman kowane ma'aikaci take. In ya soke ta, sai mutum ya haɗa kayansa. Ba mugu ba ne, amma yana da saurin fushi da son gudu, kuma bai san bambancin sufana da cokali ba.

Abin da aka fi sanin Sayibu da shi a garejin shi ne jan farce. Duk notin da ya ɗaure, sai ya zaro 'yar kwalba daga aljihun rigar aikinsa, ya ja siririn layi ja daga kan notin zuwa jikin ƙarfen da ke riƙe da shi. In layin ya bushe ya zama shaida. Ko ƙiris aka juya notin, layin zai tsage, bakin biyu su saɓa. Ma'aikata 'yan Filifin suka yi ta masa dariya da farko, suna tambayarsa yaushe zai yi wa jirgin jagira. Bai kula su ba. Ya ce musu noti ba ya magana, amma ja yana yi.

Kwalaben kuwa daga wurin Alimatu yake samunsu, ragowar waɗanda suka kusa ƙarewa a shagonsu.

Mutum ɗaya ne ya hana shi kusantar aikinsa da wannan kwalba, shi ne Reuben. Reuben mutumin Pankshin ne, ya yi makarantar fasaha, ya yi aiki a jiragen da ke kai ma'aikatan mai cikin teku a Fatakwal. Matarsa Nanret nas ce a wani asibiti a nan Doha, 'yarsu ta fara makaranta. Su biyu kaɗai ke jin Hausa a cikin makanikan garejin, don haka tare suke cin abincin rana a inuwar wani tsohon jirgi, ɗaya da wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan na Gana, ɗaya da gwate a kula. Reuben yana kiransa Malam Zargi, shi kuma yana kiransa Injiniya, da wata irin murya da ke nuna ba yabo ba ne. Sukan ɗanɗana abincin juna. Sayibu sai ya jira Reuben ya haɗiye lomar farko.

Gardamarsu ɗaya ce, kullum ita ce: wace hanya ta fi kai ƙarfin inji zuwa farfela a jirgin gudu.

Iri biyu suke ja-in-ja a kai, kuma sun raɗa musu sunayen Hausa don kada sauran su sa baki. Na farko suna ce masa mai gwiwa. Injin yana cikin jirgi, sai wata ƙafar ƙarfe ta fito ta baya, ta lanƙwasa ƙasa, ta sake lanƙwasawa, farfelar tana nutse cikin ruwa a ƙarshenta. A kowace lanƙwasa akwai haƙoran giya da ke juya ƙarfin. Na biyu suna ce masa mai wutsiya. Shi ba lanƙwasa; sanda ce miƙaƙƙiya ta fito can bayan jirgin, farfelar rabinta a ruwa rabinta a iska, in ana gudu tana feso ruwa sama kamar wutsiyar zakara.

Sayibu na mai gwiwa ne. Ya san shi ciki da waje, zai iya kwance shi ido rufe. Ya ce jirgi ne mai ladabi: yana juyawa inda ka ce, yana ja da baya ba gardama, yana tashi kan ruwa da wuri ko an cika shi da mutane, in an zo wurin yashi ka ɗage ƙafar ka wuce.

"Mai wutsiyarka kuma fa?" in ji shi wata rana, yana nuna Reuben da cokali. "Ka ce masa baya, ya yi gefe. Ka shigo da shi ma'ajiyar jirage, sai kowa ya riƙe numfashi. Jirgi ne ko jakin da bai ƙoshi ba?"

Reuben ya yi dariya ya ce, "Malam Zargi, mai sayen jirgin gudu ba ja da baya ya zo saya ba. Ƙafarka duk tana cikin ruwa tana jan jirgi kamar mai gudu da zani jiƙaƙƙe. Nawa ba abin da ke ja. Inji ɗaya, mai ɗaya, zan bar ka kana kallon feshina."

"Gudu na yini ɗaya."

"A'a, tsaya nan. Ƙarko ma nawa ne. Ka ƙirga haƙoran da ƙarfi ke bi a naka kafin ya kai farfela. Ka ƙara robar da ke tare ruwa, a wannan teku mai zafi da gishiri kamar miyar gwauro. Ƙaramin inji, na yarda, mai gwiwa zai shekara da shekaru. Amma irin dodannin da Mudir ke sakawa? Ranar da jirgi ya yi tsalle ya faɗo, za ka kwashe haƙora a faranti."

"In an kula da shi ba ya karyewa."

"In an kula da ƙwai ma ba ya fashewa."

Sayibu bai ji daɗin wannan ba, musamman da yake akwai gaskiya a ciki. Amma shi ma yana da abin faɗa. Ruwan Doha yana haifar da ƙananan ƙwarin kwanso masu manne wa ƙarfe cikin 'yan kwanaki, kuma mai wutsiya ba ya haƙuri da su. Da zarar sun ɗan hau farfelarsa sai ya ƙi tashi, ya yi ta gurnani yana tona ruwa. Ga farfelar a miƙe can baya, kaifi kamar wuƙar fawa, daidai inda masu ninkaya ke riƙewa su hau.

Da gardamar ta tsaya a inuwar tsohon jirgi, da ba abin da zai faru. Sai ga shi a shekarar 2014 Jasim ya so ya sayi manyan jirage na haya ga masu son gudu, ya rasa wane iri zai ɗauka. Ya tambayi Sayibu, ya ce mai gwiwa, kuma zai ɗauki ƙarfin. Ya tambayi Reuben, ya ce mai wutsiya. Jasim ya ce khalas, shi ke nan, yana da jirage biyu masu girma ɗaya da inji iri ɗaya, ɗaya mai gwiwa ɗaya mai wutsiya. Kowa ya riƙe nasa, a bar su cikin ruwa gefe da gefe tsawon lokacin sanyi, shi zai riƙa tuƙa su. Wanda ya fi gudu kuma bai kwanta ba, irinsa za a saya.

Daga ranar Sayibu ya daina ɗanɗana gwaten Reuben.

Gudu kam ba a daɗe ana musu ba. Ranar farko da aka fita wajen tsibirin Safliya, mai gwiwa ya riga tashi, ya yi gaba kamar zai ci. Da mai wutsiya ya hau kan ruwa sosai, sai ya wuce shi ya bar masa ruwan sama. Reuben ya dawo yana waƙar coci ƙasa-ƙasa. Sayibu ya ce a bari a ga wanda zai kai ƙarshen sanyi da ƙafarsa.

Ya ƙara tsananta tsaro. A nan ne zarginsa ya kai kan Alimatu. Ya lura kwalbar da ta ba shi ta ƙarshe ta yi ruwa-ruwa, sai ya tambaye ta a waya ko tana tsarma masa wani abu don ta yi auki.

"Kai, Sayibu," in ji ta, "kyauta nake ba ka, kuma in cuce ka a cikin kyautar? To daga yau ka je ka saya da kanka, mu ga ko kasuwa za ta fi yayarka tausayinka."

Ya ce dama haka ya fi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya shiga kasuwar Souq Waqif, ya ratsa masu turare da 'yan dako masu baro, ya sami wani shagon kayan kwalliya. Mai shagon, wani ɗan Indiya mai fara'a, ya tambaye shi ko na madam ne. Sayibu ba ya gaya wa baƙo sirrin aikinsa, sai ya ce e. Mutumin ya sake tambaya ko madam tana salla. Sayibu ya dube shi sama da ƙasa, yana neman inda tarkon yake, ya ce Musulma ce, in ya so ina ruwansa. Mutumin ya yi murmushi ya ɗauko wata kwalba daga wani layi dabam, ya ce to wannan sabon shigowa ne, madam za ta gode. Sayibu ya buɗe, ya ga ja ne, ya ga hatimin bai tsage ba. Ya lura ba ta da warin nan mai hawa kai, ya ɗauka alamar mai kyau ce.

Da makon ya zagayo aka fito da jirginsa ya canza man giya. Ya ɗaure kowane noti, ya ja masa layi da sabuwar kwalba, na cikin ɗakin inji da na jikin ƙafa duka. Ya jira suka bushe, Moro ya mayar da jirgin ruwa.

Bayan 'yan kwanaki Jasim ya fita da shi da abokansa. Wani babban jirgi ya wuce ya bar igiyar ruwa, Jasim ya hau ta da cikakken gudu. Jirgin ya tashi sama, farfela ta yi ta juyawa a iska, ya faɗo. Aka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe. Inji na kuka, jirgi ba ya tafiya. Da igiya aka jawo su, kuma mai wutsiyar Reuben ne ya jawo su, a gaban duk masu shan iska a bakin teku.

Da aka ɗora jirgin kan tudu, Sayibu bai kalli fuskar kowa ba, ya tafi kai tsaye wurin ƙafar. Ya durƙusa. Notin da ake zuba man giya ba ja. Na tsiyayewa ba ja. Na farfela ba ja. Ba tsagewa layukan suka yi ba, babu su ne gaba ɗaya, ƙarfen fes kamar an goge da tsumma. Ya hau cikin jirgin ya leƙa ɗakin inji: can kowane layi yana nan daram. Wato ɓangaren da ya karye, shi kaɗai aka share wa shaida.

Ya tambayi Moro ko ya ga wani kusa da jirgin. Moro ya ce shi dai ba ya son magana, amma kowace safiya Reuben yakan shiga ruwa da abin kankare ƙarfe, ya ce farfelunsa yake gogewa. Jiragen kuwa gefe da gefe suke, mutum zai miƙa hannu daga wannan ya taɓa wancan.

Lissafin ya haɗu a kan Sayibu nan take. An sassauta noti a ƙarƙashin ruwa, mai ya fita, gishiri ya shiga, aka mayar aka ɗaure, aka goge layin don kada tsagewar ta nuna.

Jasim ya fito daga ofis fuskarsa a murtuke, don kunyar jan igiya ta fi masa asarar zafi. Ya hana kowa taɓa ƙafar sai wakilin masu sayar da ita ya zo ya gani. Sannan ya juya ga Sayibu ya ce, "Kai ka ce min zai ɗauka."

"Zai ɗauka, Mudir, in ba a taɓa shi ba."

"Wa ya taɓa?"

Da wani ne, da ya ce bai sani ba. Sayibu ya nuna notin, ya faɗi abin da ya gani, ya faɗi abin da Moro ya gani, Reuben yana tsaye riƙe da tsumma.

Reuben ya ce da Hausa, a hankali, "Sayibu, ka san abin da kake yi kuwa?" Wannan ne karo na farko da ya kira shi da sunansa zalla.

"Abin da na gani na faɗa."

Jasim ya ce wa Reuben ya ajiye makullan wurin ya tafi gida. Ya ce in wakilin ya zo ya tafi, zai soke takardarsa. Ya ce Reuben ya gode wa Allah ma in bai haɗa shi da 'yan sanda ba. Kowa a garejin ya san ma'anar haka. Nanret za ta zauna da aikinta da yarinya, ko ta bar aikin ta bi miji. Ko ta yaya gidan ya watse.

Labari ba ya kwana a tsakanin masu jin Hausa a Doha. Ranar hutunta Alimatu ta ɗauki tasi har Abu Hamour, ta tsaya a ƙofar gidan mazan ta sa Moro ya kira mata ƙaninta. Ta san Nanret, ita ke yi wa 'yarta kitso.

"An ce ka kashe wa mutum aure da aiki a kan jan farce," in ji ta, ko gaisuwa babu.

"Yaya, ba ki san aikin nan ba."

"Ban san jirgi ba. Kawo kwalbar in gani."

Ya yi tunanin ko Nanret ce ta aiko ta. Ya dai zaro ta daga aljihu, bai sake ta ba, ya riƙe mata ta karanta. Ta fizge. Ta shafa a farcen babban yatsanta, ta tsaya tana hura masa iska tana kallon masu sauke buhunan albasa a ƙetaren titi. Da ya bushe ta sa farce a gefensa ta ɗaga. Jan ya taso gaba ɗaya kamar bawon tumatir da aka zuba wa ruwan zafi. Ta ɗora masa a tafin hannu.

"Na masu salla ne," ta ce. "Ka shafa da safe, azahar ta yi ka ɓare ka yi alwala. In ya jiƙa ma da kansa yake sakin farce. Wa ya ba ka wannan?"

Sayibu ya tuna tambayar ɗan Indiya.

"Ka ƙi na yayarka don kada a cuce ka. To ga shi ba wanda ya cuce ka, kai ka kai kanka."

"Farce dabam, ƙarfe dabam," in ji shi.

"Allah Ya shirye ka," ta ce, ta koma cikin tasinta.

Bai yarda da ita ba, kuma wannan karon rashin yardar ta yi amfani. Washegari ya ɗebo ruwan teku a bokiti. Ya sami notuna biyu, ya ja wa ɗaya layi da ragowar tsohuwar kwalbar Alimatu, ɗaya da sabuwar, ya jefa su ciki, ya rufe bokitin ya sa a cikin akwatin kayan aikinsa ya kulle, don kada wani ya taimaka wa sakamakon. Da ya buɗe bayan kwana biyu, tsohon layin na nan. Sabon kuwa yana yawo a saman ruwa kamar zaren ja.

Ya daɗe a tsugune gaban bokitin. Abin da ke gabansa a fili yake. In ya yi shiru, Reuben zai tafi, sunan mai gwiwa ya tsira, nasa ma ya tsira. In ya yi magana, dole a buɗe ƙafar, kuma in man ya fito lafiya, to Injiniya ne mai gaskiya tun farko. Sayibu yana da aibi, amma ba ya iya zama da shaidar da ya san ta ruɓe. Ya ɗauki bokitin ya shiga ofis da shi, ruwa na ɗiga a kan kafet.

Jasim ya saurara, ya kalli zaren ja, ya ce wato duk wannan tashin hankali kayan kwalliyar mata ne. Sayibu ya ce shi bai ce Reuben bai taɓa ba, ya ce dai shaidarsa ta mutu. Abin da zai raba gardama man giya ne: in ruwa ya shiga, zai fito fari kamar kunun gyaɗa. Ya roƙa a kira Reuben, a buɗe a gabansa, kada a jira wakili.

Aka kira shi. Ya zo da rigar gida, ya rame, ya tsaya nesa ya harɗe hannu. Sayibu ya sa faranti ya kwance notin ƙasa. Man ya zubo cikakke, kalarsa ta mai, ba ɗigon ruwa, sai ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki. Ya buɗe murfin sama. Haƙoran giyar gwiwar farko sun kakkarye, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a farantin, kamar yadda aka taɓa yi masa alkawari.

"To me ya karya shi?" in ji Jasim.

"Ƙarfi ya yi masa yawa," in ji Sayibu. "Na ce zai ɗauka, bai ɗauka ba. Kuma in jirgi ya tashi sama ana sassauta hannu, Mudir. Kai ba ka sassauta ba."

Jasim ya juya ga Reuben. Ya ciro makullan daga aljihu ya jefa wa Reuben, ya ce yalla, kowa ya koma aiki, kada ya sake jin maganar. Sayibu kuwa Jasim ya rage masa matsayi, ya mayar da shi kan ƙananan jirage.

Da Jasim ya shige, Reuben ya matso. Ya ce, "Ka faɗa a gaban mutane na taɓa. Yanzu ka faɗa a gabansu ban taɓa ba."

Ma'aikata suka bar aiki suna kallo, ko da yake ba sa jin yaren. Moro ya sunkuyar da kai.

Sayibu ya goge hannunsa ya ce, "Man ya ce ba ka buɗe wannan notin ba. Na yarda da man."

"Da ni fa?"

"Sauran ban gani ba, Injiniya. Ba zan faɗi abin da ban gani ba."

Reuben ya dube shi. Ya ce, "Allah Ya ba ka lafiya." Ya ɗauki akwatin aikinsa ya koma can ƙarshen garejin. Daga ranar bai ƙara yi masa Hausa ba. In aiki ya haɗa su, sai Turanci, gajere, kamar yadda yake yi wa kowa. Kular gwate ta koma cikin mota, can Reuben ke cin abincinsa.

Mai wutsiya ya kai ƙarshen sanyi bai kwanta ba, ko da yake sau biyu Jasim ya daki gefen ma'ajiya da shi wajen ja da baya, kuma wani abokinsa ya tsage ƙafa a farfelar yana hawowa daga ninkaya, aka yi masa ɗinki. Da lokacin saye ya yi, Jasim bai ɗauki ko ɗaya ba. Ya sayo jirage masu manyan injunan rataye, uku-uku a jere a baya, irin waɗanda in ɗaya ya lalace a sauke shi a rataya wani. Jikokin injunan da uban Sayibu ke gyarawa a Yeji ne, sun yi ƙiba. Aka wayi gari Sayibu ya fi kowa saninsu, aka dawo da shi kan manyan jirage ba tare da kowa ya ce komai ba.

Halinsa bai canza ba. Har ya bar Doha yana duba gindin kofi. Ya koma karɓar kwalabe a wurin Alimatu, amma kowacce sai ta kwana a bokitin ruwan teku kafin ta shiga aljihunsa. Abin da ya ƙaru ɗaya ne: ya gane layi ɗaya na iya ɓacewa, mutum ya rasa wanda zai tambaya.

Ranar da aka kawo sababbin jiragen, ya ce wa Alimatu ta ba shi kwalba biyu, ja da shuɗiya. Ta tambaye shi ko ya fara ado ne, ya karɓa ya tafi. Ya gwada su duka a bokiti. Da safe ya kira Moro ya damƙa masa shuɗiyar, ya nuna can ƙarshen garejin inda Reuben ke sunkuye a kan wani inji.

Moro ya ce, "In ce masa ka ba shi haƙuri?"

"Ban aike ka da wannan ba. Ka ce masa duk notin da na ɗaure, kafin jirgi ya shiga ruwa, ya zo ya gwada shi da sufanarsa, ya ja nasa layin kusa da nawa. Ka ce kada ya ɗaga min ƙafa, ya duba kamar yana neman laifina. Kai kuma ka tsaya a wurin har ya karɓa da hannunsa, kada ka ajiye masa a kan tebur."